Fiyoni: Furen da santimita biyar ke hana shi fitowa

A kowane watan Afrilu, birnin Luoyang da ke lardin Henan na ƙasar Sin kan cika da baƙi saboda fure guda ɗaya. Tun shekarar 1983 ake gudanar da bikin furen fiyoni a birnin, kodayake sunan da ya yi wajen noma shi ya faro ne tun zamanin daular Tang, fiye da shekara dubu da suka wuce. A wata ƙuri'ar jin ra'ayi da ƙungiyar masu furanni ta ƙasar ta gudanar a 2019, kusan kashi 80 cikin ɗari sun zaɓe shi a matsayin furen da ya dace ya wakilci ƙasar.

Sai dai wannan fure mai faɗin tafin hannu, wani ma ya fi haka, ya sha ba masu lambun gida kunya daga Sin har Turai da Amurka. Mutum zai sayi saiwarsa da tsada, ya shuka, ya yi ta ban ruwa, ganye ya fito kore shar, amma shekara ta zagayo babu fure. Galibi ba taki ba ne matsalar, ba kuma ƙwari ba. Zurfin rami ne.

A saman saiwar, wadda ke kama da ƙananan rogo, akwai wasu idanu jajaye irin na dankalin Turawa, kuma daga nan ne sabon tsiro ke fitowa. Ƙa'idar da masana lambu suka yi ittifaƙi a kai ita ce, kada ƙasar da ke kan idanun nan ta wuce santimita biyar, wato kimanin faɗin yatsu uku. A wuraren da sanyi bai cika tsanani ba, rabin haka ma ya isa. Idan aka binne su fiye da haka, shukar za ta rayu lafiya lau, ta yi ta ba da ganye shekara da shekaru, fure kuwa sai dai a gani a lambun maƙwabci. Wani lokacin ma mai lambun ya auna daidai, amma ƙasar da bai danne ba ta zauna bayan ruwan sama, ta ja saiwar ƙasa. Wani kuma tsabar kulawa ce ke cutarsa, yana ta tula taki da busasshen ganye a gindin duk shekara har idanun su nutse.

Wannan ƙa'ida ta nau'in da ke bushewa a lokacin sanyi ya sake tsirowa ce. Nau'in da ke da itace, wanda Sinawa ke kira mudan kuma shi ake yi wa biki a Luoyang, akasin haka yake so. Yawanci aure ake yi masa kamar yadda ake yi wa mangwaro, don haka ana binne mahaɗar auren santimita 10 zuwa 15 domin reshen ya fitar da saiwarsa.

Sauran buƙatun ba su da yawa: rana ta aƙalla awa shida, ƙasar da ruwa ba ya kwanciya a kanta, da tazarar kusan mita ɗaya tsakanin shuka da shuka, nesa da manyan bishiyoyi.

Dashe shi ne inda ake yin babbar asara. Fiyoni na iya yin shekara 50 ko fiye a wuri guda ba tare da an taɓa shi ba, kuma ba ya son a tayar da shi. Idan ya zama dole, misali bishiya ta girma ta rufe shi ko za a bar gidan, lokacin da ya dace a ƙasashen arewacin duniya shi ne Satumba zuwa Oktoba, saboda a lokacin ne yake fitar da sababbin jijiyoyi kafin ƙasa ta daskare. Manoman Sin ma suna da karin magana da ke gargaɗin cewa wanda ya raba saiwar a farkon tsiro, wato wajen watan Maris, zai tsufa bai ga fure ba. Akwai zuzutawa a ciki, amma gargaɗin yana kan hanya.

Ana fara yanke karan kusa da ƙasa, a haƙa da faɗi domin saiwar tana karyewa kamar ɗanyen rogo. Wasu kan bar ta a inuwa na 'yan sa'o'i ta ɗan yi laushi, sannan a wanke, a yanka da wuƙa mai kaifi yadda kowane yanki zai sami ido uku zuwa biyar. Mai son ya sami shuka da yawa ya yanka ƙanana, shi zai fi kowa jira. Ko an yi komai daidai, sai shekara ta biyu ko ta uku ake ganin fure sosai.

Haƙurin da shukar ke nema ya kai ga tarihi. A 1948 wani manomi ɗan Japan, Toichi Itoh, ya yi nasarar haɗa nau'in itace da mai bushewa, abin da aka daɗe ana ganin ba zai yiwu ba. Ya rasu a 1956 kafin shukokin su yi fure. Yau irin da ke ɗauke da sunansa na cikin masu tsada a kasuwa.

Tururuwar da ke taruwa a kan furen kafin ya buɗe kuwa, zaƙin da yake fitarwa take sha. Ba ta cutar da shi, kuma ba ita ke buɗe shi ba kamar yadda wasu ke faɗa, don haka feshin magani ɓarnar kuɗi ne.

Ga mai karatu a Kano ko Maraɗi da ya ga hoton furen a intanet yana sha'awar yin odar saiwar, gara ya riƙe kuɗinsa. Fiyoni na buƙatar kimanin mako shida ko fiye na sanyin da bai haura digiri 7 ba kafin idanun su farka, kuma hunturunmu, duk da ƙorafin da muke yi a kansa, bai kai nan ba. Abin da ya hana mu shi ne ya buɗe wa wasu kasuwa: a jihar Alaska ta Amurka furen na fitowa ne a Yuli da Agusta, lokacin da ya ƙare a Turai da sauran sassan Amurka, abin da ya sa manoman can ke yanka shi tun yana ƙulle su tura wa masu shirya bukukuwan aure.