Kasuwanci da Ƙasar Sin: Inda Riba Take da Inda Tarko Yake

Tun daga watan Disamba na shekarar 1978, lokacin da shugabannin ƙasar Sin a ƙarƙashin jagorancin Deng Xiaoping suka amince da manufar gyare-gyare da buɗe ƙofa, kamfanonin ƙetare suke tururuwa zuwa wannan ƙasa mai mutane fiye da biliyan 1.4. Waɗansu sun kwashi riba mai tsoka, waɗansu kuwa sun tattara nasu ya nasu sun fice da asara. Ya kamata duk ɗan kasuwar da ke da niyyar hulɗa da Sinawa ya san abin da ya bambanta ɓangarorin nan biyu.

A shekarar 1979 ne aka kafa dokar da ta halatta wa baƙi kafa kamfanin haɗin gwiwa da 'yan ƙasa. A 1980 kuma aka keɓe yankuna huɗu na musamman, wato Shenzhen da Zhuhai da Shantou da Xiamen, inda aka sassauta haraji da kuɗin fito domin jawo masu zuba jari. Kamfanin motoci na Volkswagen na ƙasar Jamus yana cikin waɗanda suka yi sammako, domin a 1984 ya rattaba hannu a kan yarjejeniyar ƙera motoci a birnin Shanghai. Shigar ƙasar cikin Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a ranar 11 ga Disamba, 2001, ita ta ƙara faɗaɗa ƙofar, har ta kai ga a 2010 Sin ta sha gaban Japan, ta zama ta biyu a ƙarfin tattalin arziki a duniya.

Da farko, arhar ƙwadago ce ta ja hankalin kamfanoni. Amma albashi ya tashi ƙwarai tun daga wancan lokaci, saboda haka abin da ke riƙe su a yanzu shi ne yawan masu saye, da kyawun hanyoyin jirgin ƙasa da tashoshin jiragen ruwa, da kuma taruwar masana'antu a wuri ɗaya. Mai ƙera kayan lantarki a lardin Guangdong yana iya samun kusan dukkan sassan da yake bukata ba tare da ya yi nisa ba, abin da ke rage masa kuɗin sufuri da ɓata lokaci.

Har ila yau, gwamnati ta sassauta waɗansu ƙa'idoji. Shekaru da dama ba a yarda baƙo ya mallaki fiye da kashi 50 cikin 100 na kamfanin ƙera motoci ba. An janye wannan sharaɗi ga motoci masu aiki da lantarki a 2018, wanda ya bai wa kamfanin Tesla na Amurka damar gina masana'antarsa ta Shanghai ba tare da abokin tarayya ba, sa'an nan aka janye shi ga ƙananan motoci a 2022. Sabuwar dokar jarin ƙetare da ta fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2020, ta haramta wa jami'an gwamnati tilasta wa kamfani miƙa sirrin fasaharsa, ta kuma tanadi jerin sana'o'in da aka taƙaita ko aka hana wa baƙi. Abin da ba ya cikin jerin, a rubuce, baƙo da ɗan gida daidai suke.

To, sai dai ba a nan gizo ke saƙar ba. Matsala ta farko ita ce zaɓen abokin tarayya. Kamfanin Danone na Faransa ya haɗa gwiwa da Wahaha a 1996, yana riƙe da kashi 51 cikin 100. A 2007 rikici ya ɓarke, Danone yana zargin abokin nasa da kafa waɗansu kamfanoni a gefe masu sayar da kaya da suna iri ɗaya. Bayan doguwar shari'a, Danone ya sayar da hannun jarinsa a 2009. Darasin shi ne, rinjayen hannun jari a takarda ba ya nufin iko da ma'aikata da dillalai.

Ta biyu ita ce alamar kasuwanci. A dokar Sin, galibi wanda ya riga yin rajistar suna shi ke da shi. A 2012 sai da kamfanin Apple ya biya kamfanin Proview dalar Amurka miliyan 60 kafin ya mallaki sunan iPad a ƙasar.

Ta uku ita ce doka da siyasa. A 2014 wata kotu ta ci kamfanin magunguna na GlaxoSmithKline na Ingila tarar yuwan biliyan 3 saboda bai wa likitoci toshiyar baki. Dokokin kare bayanai na 2021 sun tsaurara fitar da bayanan abokan ciniki zuwa waje, yayin da gyaran dokar yaƙi da leƙen asiri na 2023 ya sa kamfanoni yin taka-tsantsan wajen binciken kasuwa. Ga kuma takun-saƙar kuɗin fito tsakanin Amurka da Sin da ta kunno kai a 2018, wadda ta sa kamfanoni da yawa buɗe rassa a Indiya da Biyetnam don kada su dogara ga ƙasa ɗaya.

Amma mafi girman ƙalubale shi ne gogayya da 'yan gida. Uber ya sayar da harkokinsa na Sin ga Didi a 2016, Amazon ya rufe kasuwarsa ta cikin gida a 2019, kuma a 2023 motocin BYD suka karɓe kambun yawan ciniki daga hannun Volkswagen. Ɗalibin jiya ya zama abokin hamayya a yau.

Ga 'yan kasuwar Nijeriya, waɗanda ƙasarsu ta ƙulla hulɗar jakadanci da Sin a 1971, akasarin harkar saye ce, ko dai a baje kolin birnin Guangzhou da ake yi sau biyu a shekara tun 1957, ko a kasuwar sari ta Yiwu. Yarjejeniyar musayar kuɗi ta yuwan biliyan 15 da manyan bankunan ƙasashen biyu suka ƙulla a 2018, aka kuma sabunta a 2024, an yi ta ne don rage dogaro ga dala. Masu fitar da amfanin gona kamar riɗi kuwa, dole kayansu su cika sharuɗɗan tsafta da inganci na hukumar kwastan ta Sin.

Ko babba ko ƙarami, matakan kariya iri ɗaya ne. A binciki lasisin kamfani kafin a tura kafin alƙalami, a biya kuɗi cikin asusun kamfani ba na wani mutum ba, a rubuta yarjejeniya har da harshen Sinanci tare da bayyana inda za a warware saɓani, a sa wakili ya duba kaya kafin a yi lodi, sa'an nan a yi rajistar suna tun da wuri. Sinawa suna bai wa sanayya da amana muhimmanci ƙwarai, kuma gina su na bukatar haƙuri da yawan ziyara. Sai dai sanayya ba ta maye gurbin rubutacciyar yarjejeniya, domin ranar da saɓani ya taso, takarda ce kotu za ta duba.