Hutun mata da miji: ba sai an je Tailan ba

Duk mai leƙa TikTok ko Instagram ta taɓa cin karo da irin bidiyon nan: mata da miji su biyu rak, a jirgin ruwa ko a bakin teku a ƙasar Tailan, babu goyo, babu tukunya a kan wuta. Wata ta kalla ta yi tsaki, ta ce harkar masu kuɗi ce. Wata kuma ta yi shiru, don ta tuna rabonta da fita da maigida su kaɗai tun tana amarya, in ma an taɓa yi.

Tafiya dai ba baƙuwarmu ba ce. Muna zuwa biki Kano, gaisuwar rasuwa Haɗejiya, dubiya Birnin Kudu. Sai dai duk tafiyar lalura ce: a fita da sassafe, yara na kuka a bayan mota, a dawo a gajiye kowa ya nemi makwanci. Tafiyar da ba a je wa kowa sai juna ita ce ta yi ƙaranci a gidajenmu. A haka aure zai shekara goma sha biyar, hirar da ta rage tsakanin uwargida da maigida ba ta wuce ta cefane da kuɗin makaranta ba.

Me suke samu a can?

Tailan, wadda muka fi sani a jikin buhun shinkafa, da Lawos da Kambodiya da Siri Lanka, ƙasashe ne masu zafi da yawan ruwan sama, kuma akasarin mutanensu mabiya addinin Buda ne. Baƙi na zuwa kallon wuraren ibadarsu masu ado ruwan zinariya, da malaman addininsu masu aske kai da ke yafa mayafi ruwan goro. A Kambodiya akwai Angkor Wat, ƙaton ginin dutse da aka yi tun ƙarni na 12. Mai shiga ɗakin ibadarsu sai ya cire takalmi, ya rufe kafaɗa da gwiwa. Musulmin da ya je kuwa sai ya kula da abin da zai ci, don naman alade ya yawaita a girkinsu, ko da yake akwai masallatai da gidajen abincin halal a Bankok, kuma a lardunan can kudancin Tailan Musulmi ne suka fi yawa.

Abin lura shi ne yadda ma'auratan ke tafiyar. A Lawos akwai jirgin ruwan da ke kwana biyu a kan kogin Mekong kafin ya isa garin Luang Prabang. A Siri Lanka jirgin ƙasa kan kwashe awa shida zuwa bakwai yana ratsa gonakin shayi daga Kandy zuwa Ella. Da gangan mutane ke zaɓar waɗannan hanyoyi, alhali akwai masu sauri. Lokaci suke saye da kuɗinsu: su zauna kusa da juna, babu mai kiran ɗayansu, har hirar da ta daɗe a maƙale ta samu hanyar fita. Wannan kuwa ba ya buƙatar biza ko kuɗin jirgin sama.

Namu na kusa

Da yawa daga mazauna Dutse sun zo ne bayan da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta, 1991. Wata ta yi shekara ashirin a garin, kullum tana hango duwatsun nan ta tagar mota, ba ta taɓa taka ko ɗaya ba. To, a fara da Garu, tsohon garin da ke tsakanin duwatsu, inda tsohuwar fadar Sarkin Dutse take. Tarihin baka ya ce wani maharbi mai suna Duna Magu ne ya fara zama a wurin saboda yawan gada, daga nan aka samu sunan Dutse Gadawur. Ku je da la'asar sakaliya, rana ta yi sanyi, ku samu inda za ku hango garin da itatuwan dabinonsa. Dabinon Dutse ya yi sunan da har cibiyar binciken itatuwan manja ta ƙasa ta kafa reshenta na binciken dabino a garin. Ku sayi mudu ɗaya ku ci a hanya.

Washegari sai Birnin Kudu, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya a mota ba. A Dutsen Habude da Dutsen Mesa da Dutsen Murufu akwai zanen shanu da mutanen da suka yi a jikin dutse, wasu shanun ma marasa tozo, ba irin waɗanda muke gani yanzu ba. Akwai kuma duwatsun da in an buga su suke ƙara kamar ƙararrawa. A 1955 wani Bature mai binciken kayan tarihi, Bernard Fagg, ya nazarce su, daga baya gwamnati ta sa wurin cikin kayan tarihin ƙasa. Masu bincike na wancan lokaci sun rubuta cewa amaren garin kan je ɗaya daga cikin waɗannan duwatsu a ranar aurensu. Ashe dai wurin ya daɗe da sanin ma'aurata.

Wanda ke da hali da ƙarin kwana ɗaya, sai ya miƙa Baturiya a ƙaramar hukumar Kirikasamma, bayan Haɗejiya. Fadama ce mai faɗi da aka sa cikin jerin muhimman dausayoyin duniya a 2008. Da hunturu tsuntsaye kan taso tun daga Turai su sauka a can, gudun sanyin ƙasarsu.

Yadda za a shirya

Na farko, kuɗi. Kwana biyu ba ya buƙatar bashi. Kwasar adashi ɗaya, ko ɗan abin da aka riƙa warewa wata uku, zai biya mai, masauki da abinci. In ma kwana a waje ya gagara, wuni ɗaya da kular dambu da ruwan sanyi ya wadatar a fara.

Na biyu, yara. A kai su wurin kaka ko ƙanwar uwa da aka amince da ita, a bar mata maganin mai shan magani da lambar waya. Jariri mai shan nono dai dole a tafi da shi.

Na uku, lokaci. Ƙarshen damina, wajen watan Oktoba, gari na nan kore shar. Hunturu ma ya dace, musamman don tsuntsaye. A guji bazara, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da dutse ke ƙona ƙafa tun hantsi. A yi tafiya da rana, a sa takalmi marar tsini, kuma a nemi ɗan gari ya yi jagora kafin a hau kowane dutse.

Na huɗu, gidan da ke da mace fiye da ɗaya. Kada hutu ya zama silar rigima. Ya tabbata cewa Manzon Allah (SAW) kan yi ƙuri'a tsakanin matansa idan zai yi tafiya. Maigida ya fito fili ya tsara yadda kowa za ta samu nata, kada a yi a ɓoye daga baya a gani a hoto. A wata tafiya ce ma aka ruwaito ya yi tseren gudu da Nana A'isha, don haka babu abin kunya ga magidanci ya ware lokacin raha da iyalinsa.

Na biyar, yadda za ki kawo maganar. Kada ki miƙa masa waya ki ce ya dubi yadda mazan wasu ke yi. Nan take zai ji kamar gori kike masa. Ki bari ya ci ya huta, sannan ki ce, "Abban yara, ka san duk zamanmu a garin nan ban taɓa ganin Garu ba? Ranar Asabar ka kai ni mana." Buƙata ƙarama mai rana da wuri ta fi saurin karɓuwa.

In an fita kuma, a rage ɗaukar hoto, wayar ta zauna a jaka sai in yara ne suka kira. Kada a tara wurare biyar a wuni ɗaya. Wuri ɗaya da inuwa mai kyau ya isa. Zancen bashi da ƙorafin dangi a bar su a gida, za a dawo a same su. Watakila awar farko ku rasa abin faɗa wa juna, don an daɗe ba a yi ba. Kada wannan ya dame ki, 'yar'uwa. Ku ci dabinonku, ku kalli gari, hirar za ta zo da kanta.