Ko Kun Sani?

Idan tsohuwar a-kori-kura ta fara tari tana fizga, ba lallai injin ne ya gaji ba. Irin Peugeot 504 da aka riƙa haɗawa a masana'antar Kaduna, wadda ta fara aiki a 1975, da kafireta suke aiki, kuma ƙurar hunturun Kano kan toshe matatar iskarsu har fetur ya rinjayi iska.

Fulogi ne ke tona asiri. Baƙi busasshe, fetur ya yi yawa. Fari fat, bai isa ba. In kuwa ya jiƙe da baƙin mai, aikin ya zama babba.

Kafin ku nufi kasuwar Ƙofar Ruwa neman wani injin, ku sa bakanike ya kwance fulogi ya duba tukuna.