Sassaƙar Hanyoyin Iska a Kan Inji da Kayan Aikinta

Injin mota da numfashi yake aiki. A tsarin inji mai bugu huɗu, wanda Bajamushe Nikolaus Otto ya ƙera a 1876, fistan yakan sauka ya zuƙo iska da fetur, ya hau ya matse su, fulogi ya kunna musu wuta su tura shi ƙasa, sannan ya sake hawa ya kori hayaƙi. Kafin giram 1 na fetur ya ƙone sarai, sai ya sami iska kimanin giram 14.7. Saboda haka ƙarfin inji ya dogara ne ga yawan iskar da yake iya shaƙa.

Mu ɗauki inji mai lita 2, irin na Peugeot 504. Kowace silinda tana zuƙar iska sau ɗaya a juyi biyu. Idan injin yana juyawa sau 3,000 a minti, yana neman iska lita 3,000 ke nan, kuma kowace zuƙa ba ta wuce kashi 1 cikin 100 na daƙiƙa. Duk wannan iska ta cikin wasu lanƙwasassun ramuka take bi, waɗanda ke cikin kan inji, ta wuce ta gefen bawul ta faɗa silinda. Da yake zuba ƙarfen ake yi a masana'anta, akan bar kaushi, da tudu, da gaɓar da ba ta haɗu daidai ba. Waɗannan su ke karya gudun iska. Gyara su da hannu shi ne sassaƙar hanyoyin iska, fannin da injiniya Harry Weslake na Ingila ya yi suna a kansa.

Abin lura a nan shi ne, manufar aikin daidaita siffar rami ce, domin faɗaɗa shi fiye da kima ɓarna ce. Wanda ya taɓa matse bakin tiyo da yatsa ya ga yadda ruwa ke ƙara gudu. Haka iska take: in rami ya yi faɗi da yawa, sai gudunta ya ragu, silinda ta kasa cika yayin da inji ke juyawa a hankali, mota ta rasa ƙarfin tashi. Wurin da ya fi ba da riba shi ne kwarin da ke dab da mazaunin bawul, da kwanar da iska ke sha kafin ta shiga silinda. Hanyar shigowa akan bar ta da ɗan kaushi, musamman a inji mai kafireta, don kada fetur ya kwanta a bango. Hanyar hayaƙi kuwa akan goge ta sumul don kada baƙin toka ya manne.

Kayan aikin ba su da yawa. Na farko shi ne ƙaramin injin gurza na hannu, mai aiki da lantarki ko matsattsiyar iska, wanda kan juya fiye da sau 20,000 a minti. Mai maɓallin rage gudu ya fi dacewa da ɗan koyo. Na biyu, kawunan gurza na kabaid masu dogon wuya: masu manyan haƙora don alminiyam, saboda yana toshe ƙanana, masu ƙananan haƙora don baƙin ƙarfe. Na uku, naɗaɗɗiyar sanfefa mai lamba 60 ko 80 don gamawa. Sai ma'aunin faɗi, da gaskit da za a ɗora a zana iyakar bakin rami, da fitila. Tabarau na kariya da abin rufe hanci wajibi ne, gama ɓarɓashin ƙarfe yana iya makanta ido. Ƙwararru suna da teburin auna iska, wanda ke nuna yawan iskar da ke wucewa kafin aiki da bayansa.

Mai son gwadawa ya fara da tsohon kan injin da aka yar. Ya cire bawul-bawul, ya wanke ƙarfen, ya riƙa gurza kaɗan yana aunawa, domin abin da aka cire ba ya komawa. Dole ne duk ramukan su zo daidai da juna. Bayan bangon ramin akwai hanyar ruwan sanyaya inji. In aka huda shi, ruwa zai shiga silinda. Haka nan ƙarzuna ɗaya a mazaunin bawul ta isa ta sa iska yoyo. Bayan an gama, a wanke kan injin da ruwa da sabulu, a busar da shi, don kada ɓarɓashi ya ci bangon silinda.

Malaman kimiyya za su iya kai ɗalibai garejin makaniki su ga waɗannan ramuka da idonsu, su auna faɗinsu, su lissafta gudun iskar da ke ratsa su.