Zaman da Ake Yi Bayan An Tashi Aiki

Yau shirinmu ya sauka a Karaye. Ba Karayen Kano ba, Karaye ta ƙaramar hukumar Maiyama a jihar Kebbi, maƙwabciyar Jega, ba nisa da Aliero. Ƙasar noma ce: gero da dawa da damina, shinkafa a fadama, albasa kuma da rani, wadda ta kai sunan Aliero har kudancin ƙasar nan. Maganarmu ta ƙungiyoyi ce, na manoma, na mata masu adashe, na samari masu gyaran maƙabarta da yashe magudanar ruwa, da 'yan agaji. Me ke sa wata ta daɗe, wata kuma ta watse tun kafin fentin allonta ya kwaɓe?

Tarihin a gurguje. Kebbi na cikin jihohin da shirin Fadama na biyu, mai tallafin Bankin Duniya, ya shiga daga 2004, kuma sharaɗinsa shi ne a zo a ƙungiyance, da shugaba da sakatare da ma'aji. A watan Nuwamba na 2015 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin bashin manoman shinkafa na Babban Banki a Birnin Kebbi, shi ma ta hannun ƙungiyoyi. Ƙungiyoyi suka yi ta tsirowa. Da yawa kuɗi ne ya haɗa su, da kuɗin ya tsaya kowa ya kama gabansa.

To amma ga labarin da ya fi ɗaukar hankalina, kuma daga nan kusa ya fito, daga Gwandu. Wajen 1807, jihadi na tsakiyar ƙarfinsa, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanin Shehu kuma wazirinsa, ya dubi jama'ar da yake jagoranta ya ga abin da bai yi masa daɗi ba: son mulki da tara dukiya sun fara rinjayar manufar da aka fito dominta. Ana cin nasara fa, masu saurare. Ana cin nasara, amma ya tsaya ya tambayi kansa ina aka dosa. Ya bar rundunar da niyyar tafiya Makka. Da ya isa Kano mutanen gari suka riƙe shi, suka roƙe shi ya rubuta musu yadda ake tafiyar da jama'a bisa shari'a. Nan ya rubuta Diya'ul Hukkam, ya karantar da tafsiri, daga baya ya komo gida ya ci gaba da aiki har rasuwarsa a Gwandu a 1829. Ku lura, bai ɓoye damuwarsa ba. Ya faɗa, ya rubuta, ya dawo.

Wannan tsayawar ce ƙungiyoyinmu suka rasa. Ana taro kafin rabon taki, zaure ya cika. Bayan rabo fa? Shiru. Babu mai tambayar don me buhunan wane ba su iso ba, ko wa ya riƙe kuɗin gyaran injin ban-ruwa. Ƙorafin yana nan, sai dai a majalisa ake yinsa, bayan idon shugaba. Shi kuma shugaba, hatimi a aljihunsa, littafin kuɗi a ɗakinsa, gani yake duk mai tambaya neman kujerarsa yake.

Alhali a gayya mun san yadda ake yi. An tashi daga gona, an zauna shan fura, nan take za a ce kuyyar wane ta karkace, wane kuma ya makara, a yi dariya, a sa ranar gonar gaba. Ba wanda ke ɗaukar wannan cin fuska.

Ga amfanin irin wannan zama: ambaliyar 2020 ta cinye gonakin shinkafa masu yawa a Kebbi. Ƙungiyar da ta zauna bayan ruwa ya janye, ta rubuta gonakin da suka nutse da lokacin da aka yi shuka, ita ce ta shiga damina ta gaba da ilimi a hannu.

Lokaci ya matsa mana. A taƙaice: a riƙa karanta lissafi a bainar jama'a, sa hannu a banki ya zama na mutum biyu ko uku, mata da samari su fara magana kafin dattawa su rufe, a kuma sa wa'adin shugabanci a rubuce. Batun yadda ake horar da sakatare da ma'aji, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.