Ko Kun Sani? Yaro Ya Fi Ƙaruwa In Shi Ke Ba Da Labarin

A shekarar 1988, wani masanin halayyar yara a Amurka, Grover Whitehurst, da abokan aikinsa suka gwada wata dabara da iyayen yara masu shekara 2 zuwa 3. Maimakon uwa ta karanta littafi tiryan-tiryan yaro na saurare, sai ta riƙa tsayawa a kan hoto tana tambaya: "Wane ne wannan? Me ya ɗauko?" In yaro ya ce "akuya", ta ce "ƙwarai, jar akuya tana cin harawa." Cikin wata guda bakin waɗannan yara ya fi na tsaransu buɗewa.

Wannan ba baƙon abu ba ne a garuruwan Nijar irin su Agiye, Gazawa ko Gidan Rumji. Kaka ba ta fara tatsuniya sai jikoki sun amsa mata, kuma in Gizo ya shiga tsamin bakinsa, kowa sai ya kwaikwaya. Littafi kawai aka ƙara. Uwar da ba ta yi boko ba ma tana iyawa, tun da hoto ba ya jin Faransanci.

Littafin Hausa kuwa ba sabo ba ne a ajin Nijar: tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta Hausa da Faransanci a Damagaram. A gida kuma, in yaro ya nace sai an maimaita masa shafi ɗaya kullum, a maimaita. A nan kalmomin ke zama.