'Yar Tsanar Tsumma a Ƙasar Auduga

Duk wanda ya leƙa shagon tela a Funtuwa ana saura kwana biyu Sallah zai ga ƙyallaye tsibi a ƙarƙashin keke: guntun atamfa, gefen shadda, yankin leshi. Ga tela, shara ce. Ga yarinyar da aka aiko karɓar ɗinki kuwa lefe ne sukutum, domin da su 'yar tsanarta za ta yi kwalliyar Sallah.

Tun kafin ta roba ta cika kasuwa, 'yan matan Hausa suna da 'ya'yansu na wasa. Akwai ta ƙashin rago, akwai ta kara, akwai ta laka, akwai kuma ta totuwar masara, wadda ba ta wahalar samu daga Bakori har Malumfashi idan kaka ta yi. A ɗaura mata zane, a goya ta da majanyi, a yi mata suna, a yi mata aure har da tuwon ƙasa. Ta tsumma ce ta fi cin aiki, ita ce kuma ta fi daɗin goyo, don ba ta fashewa, ba ta sukar baya.

Ana fara ta da tsohon zane wanda ya sha wanki ya yi laushi. A ninka shi biyu, a zana siffar da gawayi, kai da gangar jiki a haɗe, hannuwa da ƙafafu daban. A yanke, a ɗinke da allura, a bar ƙofa, a juyar da shi ɗinkin ya koma ciki. Wajen cusa auduga ake gane gwana. Sai an cire anguryar tas, in ba haka ba ɓera ya samu kalaci. Sai an shiɓe ta ta yi sako-sako, a riƙa turawa kaɗan-kaɗan da tsinke, a danne wuya sosai, don nan ne kai ke langaɓewa. Gashi kuwa baƙin zare ne, a kafa shi layi-layi, mai haƙuri har shuku take yi mata. In jinjiri za a ba, kada a sa maɓalli ko dutsen ado, domin komai baki yake kai wa.

Auduga ba abar nema ba ce a nan. Ita ta ɗaukaka sunan Funtuwa tun zamanin Turawa, lokacin da layin dogon Zariya zuwa Ƙauran Namoda ya ratsa garin, aka kafa injinan gurza a Funtuwa da Malumfashi, daga baya masaƙa ta biyo. Nomanta ya ja baya, amma abin da ke zubewa a bakin hanya lokacin kaka ya isa ya cika 'yar tsana fiye da ɗaya.

Sai batun fuska. Wasu kan ɗinka ido da baki, wasu kan bar ta fayau saboda gudun sura. Malamai da dama sun yi rangwame ga kayan wasan yara. Hujjarsu, Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Nana A'isha (RA) tana wasa da 'yan tsana tare da ƙawayenta, Rubayyi'u 'yar Mu'awwizu kuma ta ba da labarin yadda suke yi wa yara abin wasa na ulu don su jure azumin Ashura. Abin mamaki, Kiristocin Amish na Amurka su ma sun yi suna da 'yar tsanar tsumma marar fuska.

Sana'ar tsohuwa ce. Gidan tarihin Birtaniya da ke Landan yana ajiye da wata daga Masar ta zamanin Rumawa, an cusa ta da tsumma da ciyawar takarda. A Amurka, Johnny Gruelle ya yi wa 'yar tsanar tsumma mai suna Raggedy Ann rajista a 1915, ta zama kasuwanci babba. Yau wasu masu wannan aiki a can har tsoma sabon yadi suke yi a ruwan shayi ko gahawa don ya yi kamar ya tsufa, su bar ɗinkin a karkace da gangan, sannan su sayar da tsada. Abin da iyayenmu ke jin kunyar nuna wa baƙo, shi wasu ke biya a kwaikwaya.

A Legas, Taofick Okoya ya fito da 'yan tsana masu suna Queens of Africa a 2007, ciki har da Azeezah mai shigar Hausawa. Ƙoƙari ne, amma roba ce, kuma ba kowane gida ne zai iya sayenta ba.

Cibiyoyin koyar da mata ɗinki a Funtuwa da Malumfashi su ya kamata su sa wannan aiki cikin darussan farko, tunda ba ya buƙatar keke ko lantarki. Teloli kuma, a daina ƙona ƙyallaye. A tara su a buhu, akwai masu so.